Manhajojin intanet masu amfani ga malaman makaranta: ire-irensu, aikinsu da yadda ake zaɓe

Manhajojin koyarwa na intanet kayan aiki ne da malami ke buɗewa a waya ko a kwamfuta domin shirya darasi, tsara jarrabawa, lissafa maki da neman abin da zai nuna wa ɗalibai. Wasu ana shigarsu ta burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Firefox, Edge da Opera. Wasu ƙananan ƙari ne da ake maƙala wa burauzar don ta yi wani aiki na musamman. Wasu kuma ana sauke su sau ɗaya, daga nan su ci gaba da aiki ko babu intanet.

Akasarin waɗannan manhajoji an ƙirƙire su a Amurka da Turai, don makarantun da kowane yaro ke da na'ura a gabansa kuma intanet ba ya yankewa. Malamin firamare a Tasawa ko na kwaleji a Madawa yawanci wayar Android ɗaya gare shi, daga aljihunsa yake sayen data, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ajinsa kuma cike yake maƙil. Saboda haka shaharar manhaja ba ta isa hujjar amfaninta ba. Tambayoyi huɗu ne ke raba mai amfani da marar amfani a nan: tana aiki a waya? Tana aiki idan intanet ya yanke? Kyauta ce har ƙarshe, ko rabin aikin sai an biya? Me take yi da sunayen yara da makinsu?

Burauza da abin da ke cikinta

Kafin a nemi wata manhaja, burauzar kanta tana da abubuwan da ke rage kashe kuɗi. A Chrome na waya, idan aka taɓa ɗigo uku na sama sannan aka taɓa alamar kibiya mai kallon ƙasa, shafin zai sauka cikin wayar, a same shi daga baya a wurin da aka rubuta «Téléchargements». A kwamfuta, danna Ctrl da P tare yana ba da damar ajiye kowane shafi a matsayin PDF, wanda za a iya kai wa mai fotokofi ko a tura wa abokin aiki.

Firefox da Edge suna da yanayin karatu, wanda ke share tallace-tallace da hotunan gefe ya bar zallar rubutu da manyan haruffa. Edge yana kuma karanta shafi da murya, abin da ke taimakon malamin Faransanci ko na Ingilishi da ke son jin yadda ake furta kalma kafin ya shiga aji. Opera Mini tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso wayar, don haka ba ta cin data sosai. Sai dai idan aka sa ta a matsi mafi tsanani, shafukan da ake cike fom ko motsa abubuwa a cikinsu sukan ƙi aiki yadda ya kamata.

Game da ƙarin da ake maƙalawa, akwai bambancin da ya kamata a sani. Chrome na wayar Android ba ya karɓar su, sai na kwamfuta. Firefox na Android yana karɓa. Mafi amfani a cikinsu ga malami shi ne uBlock Origin, mai toshe talla. Yana rage datar da talla ke ci, yana kuma hana hoton da bai dace ba ya bayyana a gaban yara lokacin da ake nuna musu wani abu. A Chrome na kwamfuta, ƙaramin samfurinsa mai suna uBlock Origin Lite ne ke aiki yanzu. Don gyaran rubutun Faransanci akwai Grammalecte, wanda ake maƙala wa Firefox ko LibreOffice, yana nuna kurakuran nahawu da na haruffa ba tare da aika rubutun wani wuri ba. LanguageTool yana yin irin aikin a harsuna da dama, amma shi yana buƙatar intanet.

Laburaren da ba ya buƙatar intanet

Kiwix ita ce kan gaba a wannan fanni. An fara ta a 2007, kuma aikinta shi ne ɗauke shafin intanet ɗungurungum a dunƙule shi cikin fayil guda mai suna ZIM. Malami zai sauke fayil ɗin sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ya sa shi a katin memori, ya riƙa bincike a ciki kamar yana kan layi. Akwai Wikipedia ta Faransanci, ta Larabci da ta Hausa, akwai ƙamus na Wiktionnaire, akwai kuma Vikidia, kundin sani da aka buɗe a 2006 don yara masu shekara 8 zuwa 13, wanda Faransancinsa ya fi sauƙi ga ɗaliban CM da na farkon kwaleji. Cikakkiyar Wikipedia ta Ingilishi mai hotuna ta kai wajen giga 100, ba kowace waya za ta ɗauka ba. Amma akwai samfurin da aka cire wa hotuna, akwai kuma ƙananan kunduna na fanni guda, kamar lissafi, kimiyyar sinadarai, tarihi ko labarin ƙasa. Ana samun Kiwix a matsayin manhajar Android, ta kwamfuta, da kuma ƙari na burauza. Tun 2012 shirin Afripédia ya yi amfani da ita wajen kai Wikipedia jami'o'in ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci.

Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta fitar a 2017, ta fi dacewa da makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ko ƴan allunan hannu. Ana girka ta a kwamfuta ɗaya, sauran na'urori su haɗu da ita ta wifi na cikin gida, ko da wifin bai haɗu da intanet ba. Malami yana buɗe aji a ciki, ya raba darussa da gwaje-gwaje, ya ga wane ɗalibi ya gama da inda kowa ya maƙale. Daga cikin abin da ake iya zuba mata akwai darussan Khan Academy, waɗanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta mayar zuwa Faransanci.

Lissafi, kimiyya da labarin ƙasa

Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, don haka ɗalibi yakan haddace dokar lantarki bai taɓa ganin ta a aikace ba. PhET yana rage wannan giɓi. Shiri ne na jami'ar Colorado Boulder ta Amurka, wanda Carl Wieman, da ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2001, ya kafa a 2002. Ya ƙunshi gwaje-gwajen kwaikwayo fiye da 100, kyauta, kuma an fassara su zuwa Faransanci. A ɗaya daga ciki ana haɗa batir, waya da ƙwan fitila a kan allon na'ura, a ƙara batir a ga haske ya ƙaru, a cire ƙwai ɗaya a ga abin da zai sami sauran. A akasarin gwaje-gwajen, ana iya sauke gwaji a matsayin fayil guda, a buɗe shi da burauza ba tare da intanet ba.

GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 a jami'ar Salzburg ta Ostiriya, ta malaman lissafi ce. Ana zana alwatika a ja kusurwa ɗaya da yatsa, ɗalibai su gani da idonsu cewa jimillar kusurwoyin ba ta barin digiri 180. Ana rubuta lissafin layi ko na lanƙwasa, zanensa ya fito nan take. Tana da amfani musamman ga azuzuwan da ke shirin BEPC da bakaloriya, kuma manhajarta ta waya tana aiki ko babu layi.

Malamin labarin ƙasa zai sami taswirori marasa rubutu, har da na Nijar da jihohinta takwas, a shafin d-maps, waɗanda ake bugawa a ba yara su cike. Manhajojin Organic Maps da OsmAnd kuma suna ba da damar sauke taswirar ƙasa baki ɗaya cikin waya, daga bayanan OpenStreetMap.

Inda babu majigi, akan raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zo ya kalli gwajin a waya na ƴan mintoci yayin da sauran ke wani aiki a allo. Gajeren gwaji da aka zaɓa tun daga gida ya fi dogon bidiyon da ake jiran ya buɗe a tsakiyar darasi.

Koyarwa da Hausa

Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a 1973 a Damagaram, kuma kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ke rubuta darasi da Hausa yana fara cin karo da matsalar haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Rashinsu yana canza ma'ana, domin «kafa» daban take da «ƙafa», haka ma «dari» da «ɗari» ba ɗaya suke a ido ba ga yaron da ke koyon karatu. A waya, allon rubutu na Gboard yana da Hausa a jerin harsunansa, ana ƙara ta daga wurin saiti. A kwamfuta ana amfani da Keyman, manhajar ƙungiyar SIL. Ita wannan ƙungiya ta kuma fitar da salon haruffa mai suna Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu kuma yake ɗauke da dukkan haruffan Hausa, don kada su fito a matsayin akwatuna idan an buga takarda.

Littattafan karatun yara da Hausa suna da ƙaranci a kasuwa, amma akwai su kyauta a African Storybook, shirin wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide, da StoryWeaver na ƙungiyar Pratham Books ta Indiya, da Bloom Library. Lasisin akasarin littattafan ya yarda a sauke, a buga, har a fassara, muddin an ambaci masu su. Manhajar Bloom tana ba malami damar haɗa nasa littafin da hotuna a kwamfuta. Ya kamata a duba rubutun kafin a raba, domin da yawa daga cikin littattafan da ƙa'idar Najeriya aka rubuta su, inda ake sa 'y a maimakon ƴ, kuma kalmomin aro daga Ingilishi suke.

Google Translate ya ƙara Hausa a watan Disamba na 2013. Yana taimakawa wajen fahimtar abin da rubutu ya ƙunsa, amma fassararsa ba ta kai a kwafe ta a allo ba tare da gyara ba. Misali na kusa shi ne kuɗi. Matsalar lissafi da ta ce «500 F» za ta iya fitowa da «ɗari biyar», alhali yaron da ya saba da kasuwar Maradi «dala ɗari» ya sani, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Malami ne kaɗai zai lura da irin wannan ya daidaita.

Gwaji da lissafin maki

Kahoot, wadda ta fito daga Norway a 2013, ta shahara wajen tambayoyi cikin wasa, amma tana son ɗalibai su riƙe na'urori masu intanet. Plickers ta fi dacewa da aji marar na'urori. Ana buga katuna masu zane baƙi, kowane ɗalibi da nasa. Gefe huɗu na katin suna wakiltar amsoshi A, B, C da D. Malami ya yi tambaya, kowa ya ɗaga katinsa da gefen amsarsa a sama, malami ya zagaya ajin da kyamarar wayarsa, nan take ya ga nawa suka gane. Wayar malamin ce kaɗai ke buƙatar intanet. Iyakarta ita ce katuna 63 ne kawai, don haka ajin da ya haura haka sai a haɗa yara biyu-biyu ko a raba shi gida biyu.

Google Forms yana da yanayin jarrabawa mai gyara kansa, wanda ya dace da ɗaliban lise da masu horon malanta da ke da wayoyi. Ga masu son kayan aiki da Faransanci, marasa talla, akwai La Digitale, tarin ƙananan manhajoji kyauta irin su Digipad, allon manna takardu, da Digiscreen, mai agogon ƙidayar lokaci da zaɓen suna ta ƙuri'a. Ƙungiyar Framasoft ta Faransa ma tana da Framapad, inda malamai da dama za su rubuta takarda ɗaya a lokaci guda.

Aikin da ya fi cinye lokacin malami a ƙarshen zango shi ne lissafin maki, kuma nan ne na'ura ta fi nuna amfaninta. Google Sheets, Excel da LibreOffice Calc duk suna yi. Idan manhajar tana kan Faransanci, rubuta =MOYENNE(B2:D2) yana ba da matsakaicin makin ɗalibi, RANG yana ba da matsayinsa a aji, =NB.SI(E2:E80;">=10") kuma yana ƙirga waɗanda suka kai 10 cikin 20. Idan darussa suna da nauyi daban-daban, SOMMEPROD ke ninka kowane maki da nauyinsa. A misali, ɗalibin da ya ci 12 a darasi mai nauyi 3 da 9 a darasi mai nauyi 2 yana da jimilla 54, a raba da 5 ya ba da 10,8. Da zarar an rubuta ƙa'idar a layin farko, sai a ja ta ƙasa ta yi wa ajin duka. LibreOffice kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet.

Ajiya da rabawa

Asusun Google yana ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail, Drive da hotuna ke rabawa tsakaninsu. Manhajar Drive ta Android tana ɗaukar hoton takarda ta mayar da ita PDF, hanya mai sauƙi ta adana tsofaffin tambayoyin jarrabawa da takardun shirin darasi kafin gara ko ruwan damina su lalata su. Google Classroom, da aka buɗe a 2014, an tsara ta ne don makarantun da suka yi rajista da tsarin ilimi na kamfanin, kuma tana son kowane ɗalibi ya mallaki asusu. Moodle, da ta fito a 2002, jami'o'i da cibiyoyin horo ne suka fi amfani da ita, domin sai an sami mai kula da ita.

A aikace, WhatsApp ne dandalin da malamai da iyaye suka fi haɗuwa. Zaurensa yana ɗaukar mutum 1024, ana tura PDF da saƙon murya, wanda ke isa ga iyayen da ba su yi boko ba. Idan kuma malamai suna wuri ɗaya, Bluetooth, Quick Share na Android ko katin memori suna wuce da fayil daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko mega ɗaya ba.

Don ƙarin horo, shirin IFADEM, wanda Nijar ke cikin ƙasashen da aka gudanar da shi, ya wallafa littattafan horon malaman firamare a shafinsa, ana sauke su kyauta. Shirin TESSA na jami'ar Open University ta Ingila ma yana da darussan koyon koyarwa da Faransanci, waɗanda aka rubuta don azuzuwan Afirka masu yawan ɗalibai. Waɗannan ƙari ne a kan tsarin karatu na ma'aikatar ilimi da littattafan INDRAP, waɗanda su ne jarrabawar ƙasa ke bi.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, manhajoji irinsa, kamar Gemini da Copilot, sun shiga aikin malamai. Suna iya tsara daftarin darasi, su kawo tambayoyi goma a kan babi guda, ko su sauƙaƙa dogon rubutu zuwa matakin yaro. Illarsu ita ce sukan ƙirƙiro suna, shekara ko adadi, su faɗa da cikakken tabbaci. Kuskuren ya fi yawa a abin da ba a rubuta sosai a intanet ba, irin tarihin Gobir, Katsinar Maradi, Adar ko Damagaram, da kuma rubutu da Hausa. Duk abin da suka bayar daftari ne, sai an gwada shi da littafin aji kafin ya kai allo.

Abubuwan kiyayewa

Sunayen yara, hotunansu da makinsu bayanai ne na sirri. Nijar ta kafa dokar kare irin waɗannan bayanai tun 2017, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai. Watsa makin aji duka a zauren iyaye, ko sa hoton yaro a Facebook ba da izinin iyayensa ba, yana iya jawo wa yaron tsangwama, malamin kuma ya shiga matsala. Inda manhaja ta nemi jerin ɗalibai, lamba ko sunan farko kaɗai ya wadatar.

Ƙarin burauza kuma a ɗauko shi daga rumbun Chrome ko na Firefox kawai, a karanta izinin da yake nema. Wanda ya nemi karanta duk abin da ake yi a kowane shafi alhali aikinsa ƙarami ne, barinsa ya fi. Wanda ya shiga asusunsa a kwamfutar makaranta ko ta shagon intanet ya yi amfani da tagar sirri, ya kuma fita kafin ya tashi.

Manhajar kyauta tana iya rufewa. Edmodo, wadda miliyoyin malamai suka dogara da ita, ta rufe a watan Satumba na 2022. Google ya dakatar da allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024. Wanda bai sauke aikinsa ba kafin wa'adi yana iya rasa shi. Don haka kowane darasi da kowane jadawalin maki yana buƙatar kwafi na biyu a katin memori ko a kwamfuta, a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa, kamar PDF.

Daga ina za a fara

Malamin da waya kaɗai gare shi zai iya farawa da abu uku: Kiwix mai ɗauke da Vikidia da kundin fanninsa, jadawalin lissafin maki, da allon rubutu mai haruffan Hausa. Malamin kimiyya ya ƙara PhET, na lissafi ya ƙara GeoGebra, na ƙananan azuzuwa ya ƙara littattafan labarai. Nauyin saukewa bai kamata ya hau kan mutum ɗaya ba. A taron CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa don ƙara wa juna sani, mutum guda da ya je birni ya sauke fayilolin zai iya raba wa sauran a zama ɗaya, kowa ya koma makarantarsa da laburare a aljihu ba tare da ya sake sayen data ba.